Sibante Areniyus da asirin zamanin ƙanƙara

An haifi Sibante Areniyus a shekara ta 1859, kusa da birnin Upsala na ƙasar Suwed, can arewacin Turai. Ubansa ma'aikacin awon filaye ne. Yaron yana da shekara 3 ya koyi karatu da kansa. Yakan zauna kusa da ubansa yana kallon yadda yake lissafi, har shi ma ya ƙware.

A 1884 ya gabatar da bincikensa a jami'ar Upsala, kan gishirin da ya narke cikin ruwa da yadda yake ɗaukar lantarki. Malamansa ba su gamsu ba, suka ba shi maki kaɗan. Bai karaya ba. A 1903 wannan aiki ya jawo masa kyautar Nobel.

A lokacin, wata tambaya ta dami masana. Sun gano cewa a can dā ƙanƙara ta taɓa rufe arewacin Turai da arewacin Amurka. Yau mun san abin ya kai matuƙa wajen shekara 20.000 da suka wuce. Tekuna sun ja baya da wajen mita 120, kuma rairayin Sahara ya malalo kudu har cikin ƙasar Hausa. To, mi ya sanyaya duniya haka?

Areniyus ya yi zargin wata iska da ake kira iskar karbon. Ita ce muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke tashi in an ƙona itace ko gawayi. Tana riƙe zafin ƙasa kamar bargo. Ba shi da na'ura, sai alƙalami da takarda. Ya yi wata da watanni yana lissafi. A 1896 ya fiddo sakamako: in iskar ta ragu da rabi, zafi zai sauka da digiri 4 zuwa 5. In ta ninka, zai hau da digiri 5 zuwa 6.

Amma in iskar ta ragu, ina ta tafi? Areniyus ya san teku na shan ta da yawa. Ya rasu a birnin Istokolom a 1927, bai ga cikakkiyar amsa ba.

Wajen 1980, masu bincike suka haƙo tsohuwar ƙanƙara a Girinlan da Antaktika, suka auna iskar da ta maƙale cikinta. Suka tarar lalle ta ragu a zamanin ƙanƙara: wajen kashi 180 cikin miliyan, maimakon 280 na lokacin ɗumi. Sauran ta shige teku, wanda ya fi sararin sama karbon har sau 50.

Ga yadda abin yake. Sauyin zagayen duniya kewaye da rana ne ke fara kawo sanyi. Ruwan sanyi ya fi riƙe iska, kamar kwalbar lemu mai sanyi. Ƙura kuma na kai wa ƙananan tsirran teku abinci, su sha iskar, su mutu, su nutse da ita. Ruwan ƙasan teku ya daɗe bai taso ba. Iskar ta ragu a sama, sanyi ya ƙaru. Da ɗumi ya komo, teku ya sake ta.

Areniyus ya zaci hayaƙin kwal zai ɗauki shekaru dubbai kafin ya ninka iskar. A nan lissafinsa ya gaza. A 2024 ta wuce kashi 420 cikin miliyan. Teku na shan wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutane ke fitarwa kowace shekara, mafi yawan sauran kuwa na taruwa a sama.

Tambayoyi
1. Mi ya sa Areniyus ya shiga dogon lissafi?
2. Ina iskar karbon ta tafi a zamanin ƙanƙara?
3. Wane ruwa ya fi riƙe iska, mai sanyi ko mai ɗumi?