Coulomb, sojan da ya auna ƙarfin cajin lantarki

An haifi Charles-Augustin de Coulomb ranar 14 ga watan Yuni 1736 a garin Angoulême na ƙasar Faransa. Ya yi karatun injiniyan soja a Mézières, kuma a 1764 aka tura shi tsibirin Martinik aikin gina sansanin Fort Bourbon. Shekara takwas ya yi can yana fama da zazzaɓi, ya koma gida a 1772 da raunin jikin da bai rabu da shi ba har mutuwarsa.

Mutum ne da ba ya yarda da magana sai ya auna. A 1783 aka nemi shawararsa kan wani shirin haƙa hanyoyin jiragen ruwa a yankin Bretagne. Ya yi lissafi, ya ce kuɗin da za a kashe sun fi amfanin da za a samu. Maganar ba ta yi wa manya daɗi ba, har aka tsare shi mako guda a gidan kaso. Da aka sake tambayarsa, ya tsaya kan bakansa.

Da wannan hali ya shiga binciken lantarki. An daɗe da sanin cewa caji iri ɗaya na tunkuɗe juna, mabambanta kuma na janyo juna. Abin da ya rage shi ne a auna ƙarfin. Sai ya rataya wata 'yar sanda mai ƙaramin ƙwallo a jikin siririn zaren azurfa. In aka kawo wani ƙwallo mai caji kusa, sandar ta juya, zaren ya murɗe, daga yawan murɗewar ake gane ƙarfin. A 1785 ya nuna cewa idan aka ninka tazara sau biyu, ƙarfin yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Lokacin juyin juya halin Faransa ya koma ƙauye kusa da Blois. A 1802 aka naɗa shi sufeton ilimi, ya rasu a birnin Paris ranar 23 ga watan Agusta 1806.

A 1881 masana suka sa wa ma'aunin caji sunansa. Kulom ɗaya shi ne cajin da amfiya ɗaya ke ɗauka cikin daƙiƙa guda. Saboda haka batirin salula da aka rubuta wa 5000 mAh yana riƙe da kulom 18,000 in ya cika.