Paul Lauterbur, malamin da ya koya wa maganaɗisu ɗaukar hoto

A yau, idan likita yana son ganin ƙwaƙwalwar majinyaci ko lakar bayansa ba tare da fiɗa ba, sai ya aika shi ga na'urar nan da ake kira IRM da Faransanci. Mutumin da ya aza tushenta ba likita ba ne, masanin ilimin sinadarai ne mai suna Paul Lauterbur.

An haife shi ran 6 ga watan Mayu 1929 a garin Sidney, jihar Ohio, ƙasar Amurka. Ya samu digirin dakta a jami'ar Pittsburgh a 1962, sa'an nan ya shiga koyarwa a jami'ar Stony Brook, jihar New York.

Tun 1946 masana suka gano cewa idan aka sa abu cikin maganaɗisu mai ƙarfi, aka aika masa igiyoyin rediyo, ƙwayoyin zarra da ke cikinsa sukan amsa, kowane iri da tasa murya. Da wannan amsa masana sinadarai suke gane abin da ke cikin ruwa ko magani. Lauterbur kansa yana cikin na farko da suka yi wannan awo a kan sinadarin gawayi. Amma na'urar ba ta faɗin inda abin yake, kuma kowa ya ɗauka tilas ƙarfin maganaɗisun ya daidaita ko'ina kafin awo ya yi kyau.

A watan Satumba 1971 Lauterbur ya juya maganar. Ya ga cewa idan da gangan aka sa ƙarfin ya fi yawa a gefe guda, muryar kowace ƙwaya za ta sauya gwargwadon wurin da take. In aka maimaita awon daga ɓangarori dabam-dabam, aka haɗa lissafi, sai hoto ya fito. Hotonsa na farko na 'yan ƙananan kwalabe biyu ne cike da ruwa. To, jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne.

Mujallar Nature ta Ingila ta ƙi buga bayaninsa da fari. Ya rubuta ya kare aikinsa, har suka buga shi a watan Maris 1973. Jami'arsa ma ba ta nemi takardar mallakar dabarar ba, don an ɗauka ba za ta mai da kuɗin da za a kashe ba. Bai karaya ba, ya ci gaba da bincike yana yawon bayyana wa masana.

Sai bayan shekara 30, a 2003, aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Peter Mansfield na jami'ar Nottingham, wanda ya gano hanyar hanzarta ɗaukar hoton. Mahaƙurci mawadaci.

Ya rasu ran 27 ga watan Maris 2007 a garin Urbana, jihar Illinois, yana da shekara 77. Ya bar wa duniya hoton da ke nuna ƙari da ciwon laka ba tare da hasken radiyo mai lahani ba.