Jacques Brandenberger (1872–1954): Mai Ƙirƙiro Ledar Tsirrai

An haifi Jacques Edwin Brandenberger a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan ranar 19 ga Oktoba, 1872. Ya karanta ilimin haɗa sinadarai a Jami'ar Bern, daga nan ya wuce Faransa ya kama aiki a masana'antun saƙa da rini, har ya zauna a wata ma'aikata da ke garin Thaon-les-Vosges.

Burinsa na farko shi ne samar da yadin da ruwa ba ya ratsawa. Don haka sai ya riƙa shafa wa yadi wani ruwa mai kauri da ake samu ta hanyar narkar da selulos, wato zaren da ke jikin itace da auduga. Wannan gwaji bai yi nasara ba, domin yadin yakan sandare, abin da aka shafa kuma ya ɓare kamar saɓar maciji. Sai dai Brandenberger ya lura cewa wannan ɓawo siriri ne, garai-garai, ana hangen abin da ke bayansa. Ganin haka ya ajiye batun yadi ya duƙufa a kan ɓawon. A 1908 ya gano hanyar sarrafa shi, a 1912 kuma ya kammala injin da ke fitar da shi falle-falle. Ana turo narkakken selulos ta wata siririyar tsaga zuwa cikin ruwan asid, ya daskare, a wanke shi, sannan a sa masa gilisarin don ya yi laushi.

Ya raɗa masa suna salofen, daga kalmomin Faransanci biyu masu nufin selulos da kuma abin da haske ke ratsawa. Daga wannan suna ne aka samo na Sellotape, wanda Hausawa suka ara suka mayar salatif. A 1923 kamfanin DuPont na Amurka ya sayi izinin yin salofen, kuma a 1927 masaninsa William Hale Charch ya gano yadda za a hana danshi ratsa shi. Tun daga lokacin ya zama abin naɗe burodi da alewa da nama. Cibiyar Franklin ta karrama Brandenberger da lambar yabo a 1937. Ya mutu a Zurich ranar 13 ga Yuli, 1954.

Daga shekarun 1960 ledar man fetur ta kwace kasuwa saboda arha. Illarta kuwa a fili take a kasuwannin Masama da Gwandu da Kalgo: tana toshe magudanan ruwa, tana kwanta a gonaki, awaki da shanu su ci ta ƙulle masu ciki. Shi salofen da ba a yi wa shafe ba ruɓewa yake yi a ƙasa, kamar ganyen da ake ƙulla alala da goro a cikinsa. Duk da haka yana da nasa aibi, domin sinadarin da ake narkar da selulos da shi guba ne ga ma'aikata. Aikin da ya rage wa masana shi ne tsabtace wannan hanya, tunda akwai selulos a karan dawa da tattakar shinkafa da tuƙar rake, waɗanda ƙasar Kabi ke da su a wadace.