John Charnley: Likitan da Ya Share Hanyar Sauya Gaɓar Kwatangwalo

Mai karatu, idan an sa maka ranar tiyatar sauya gaɓar kwatangwalo, ko kana jinyar wanda aka yi wa, ya kamata ka san mutumin da ya share wannan hanya.

An haifi John Charnley a garin Bury na Ingila a 1911. Ya karanta likitanci a Manchester, ya kuma yi aikin likitan soja a Masar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A zamaninsa, idan gaɓar mutum ta cinye, sau da yawa sai dai a manne ƙasusuwan wuri guda. Ciwo zai lafa, amma gaɓar ta daina lanƙwasuwa ke nan.

A asibitin Wrightington, Charnley ya haɗa abubuwa uku: ƙaramin kan ƙarfe, kofin roba da kan zai riƙa juyawa a ciki, da simintin ƙashi, dangin wanda likitocin haƙori ke amfani da shi. Robar farko, Teflon, ta ba shi kunya. Cikin 'yan shekaru ta goge a jikin majinyata kusan 300, dole aka sake yi wa da yawansu aiki. Bai ɓoye kuskuren ba. Har cusa ɓurɓushin robar ya yi a cinyarsa don ya ga illarta da idonsa. A Nuwamban 1962 ya koma wata roba mai ƙarko, polyethylene, wadda ake amfani da danginta har yau.

Daga nan ya fuskanci ƙwayoyin cuta, domin idan suka maƙale a jikin ƙarfe, magani ba ya kai musu da sauƙi. Ya kawo ɗakin tiyata mai tataccen iska da rigunan da ke rufe likita ruf. Dalilin ke nan da likitanka zai ce ka fara magance ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo, ka daidaita suga, ka bar taba kafin aiki. Idan kana da sikila, wadda ke yawan lalata wannan gaɓa a wajenmu, likitan jini ma sai ya shirya ka.

Bayan aiki, ka tashi tafiya da wuri yadda aka nuna maka. Zazzaɓi, ruwa daga rauni ko kumburin sha-raɓa, maza ka koma asibiti.

Charnley ya samu lambar Sir a 1977, ya rasu a 1982. Shekara da shekaru yana bibiyar majinyatansa, har yana roƙonsu su bar masa gaɓar bayan rasuwarsu don ya duba yadda ta yi aiki. Kai ma ko ciwo ya tafi, kada ka tsallake ranar da likita ya ce ka dawo.