Vikram Sarabhai: Masanin da ya ɗora Indiya a hanyar sararin samaniya daga ƙauyen masunta

An haifi Vikram Sarabhai ranar 12 ga Agusta, 1919, a birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, a gidan attajirai masu masaƙu. Da ya ga dama da ya zauna ya ci gado, amma sai ya rungumi kimiyya. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Kambrij ta Ingila a 1947, ya dawo gida ya kafa cibiyar bincike a garinsu.

A zamaninsa akwai wani sashe na sama da ya gagari masana. Balan-balan ba ta kai can, tauraron ɗan'adam kuma ba ya iya zama a wurin. A nan ne, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, wata igiyar lantarki ke gudana bisa layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu. Roka ce kaɗai ke iya kai ma'auni wurin.

Da gwamnatin Nehru ta naɗa shi shugaban kwamitin binciken sararin samaniya a 1962, sai aka zaɓi Thumba, ƙauyen masunta a jihar Kerala, saboda kusancinsa da wannan layi. Cocin ƙauyen ne ya zama ofis da ɗakin aiki. Ranar 21 ga Nuwamba, 1963, aka harba roka ta farko, Nike-Apache ƙirar Amurka, ɗauke da na'urar Faransa wadda ta fesa tururin sodiyam, aka bi shi da kyamarori don auna tafiyar iska.

Masu suka sun ga almubazzaranci ne a ƙasar da ke fama da talauci. Shi kuwa hujjarsa ita ce fasahar za ta yi wa manomi da ɗalibin karkara aiki. Ya dage kan horar da matasan ƙasarsa, har Indiya ta harba roka ƙirarta a 1967, aka kuma kafa hukumar ISRO a 1969.

Ya rasu ranar 30 ga Disamba, 1971, yana da shekara 52, bai ga tauraron Indiya na farko ba, wato Aryabhata na 1975. Na'urar da ƙasar ta saukar a duniyar wata a 2023 sunansa take ɗauke da shi.

Wannan layin maganaɗisu ya ratsa Najeriya ma, wadda ta kafa hukumarta ta NASRDA a 1999, ta kuma mallaki tauraronta na farko a 2003. Sarabhai da rokar aro ya fara, amma bai bari aro ya zama gado ba.