Malam Muhammadu Alkashnawi, Bakatsinen da Ya Koyar a Alƙahira

Mafi yawan 'yan'uwan da muke tsayawa gaisawa da su bayan an idar da sallar Juma'a a babban masallacin Sri Petaling malaman jami'o'inmu ne na gida, waɗanda suka zo Malesiya neman digirin digirgir. Wannan yana binciken ƙasar noma a Serdang, wancan yana nazarin hada-hadar kuɗi ta Musulunci a Gombak, ni kuwa lissafi ya kawo ni. Na daɗe da lura cewa gaisuwa da zancen tsadar haya ne kaɗai ke haɗa mu. Da wuya ka ji ɗayanmu ya tambayi ɗan'uwansa abin da yake rubutawa. Akwai kuma wani zato da ke kwance a zukatanmu, ko da ba mu furta shi, cewa a waje ake samo ilimi na gaske, gida kuwa wurin kai shi ne kawai. Abin da ya sa ke nan na ga ya kamata in kawo mana tarihin wani Bakatsine da ya bar ƙasarsa kusan shekara ɗari uku da suka wuce, ya isa Masar da iliminsa cikin kai, har manyan malaman can suka zauna gabansa.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Littattafan Larabawa suna kiransa Alfulani Alkashnawi Assudani, suna kuma jingina shi ga Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina. Ya tashi a zamanin da Katsina ta riga ta yi suna wajen karatu, domin Wali Ɗan Masani ya rasu tun 1667, shi da Wali Ɗan Marina kuma sun bar almajirai a bayansu. Yana da kyau a riƙe wannan, don shi Alkashnawi ya bar duniya shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Duk wanda ke ganin da jihadi karatu ya fara a ƙasar Hausa, sai ya sake duba lissafinsa.

Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya zo ne ta hannun masanin tarihin Masar, Abdurrahman Aljabarti, cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Ya ambaci malamansa huɗu: Muhammadu ɗan Sulaimanu, wanda ake jinginawa ga Borno da Bagarmi, da Shaihu Muhammadu Bindu, da Shaihu Hashimu, da Muhammadu Fudu. Na ƙarshen nan ya lazimta kimanin shekara huɗu, ko a gida yake ko a hanyar tafiya, ya ɗauki sarfu da nahawu da littattafan adabi a wurinsa. Da farko malamin kan kira shi da laƙabin mai Maƙamatu, saboda yadda ya haddace su, kalmominsu na zuba daga bakinsa. Da ya ƙware a nahawu sai ya koma kiransa Sibawaihi. Duk wanda ya taɓa zama a zaure ya san malamanmu ba su cika yabon almajiri a gaban idonsa ba, balle da sunan limamin nahawu. A wurin Shaihu Muhammadu Bindu kuwa ya koyi hisabi da sanin lokuta bisa tafarkin mutanen Magrib, da ilimin haruffa da na hatimai. Bayan waɗannan ya karanta Muktasar na Halilu a fiƙihu, da Sahihul Buhari, da littattafan tauhidi na Sanusi, da usulu da manɗiƙi.

Idan aka auna da tsarin jami'o'inmu na yau, wannan mutum ɗaya ya ratsa tsangaya uku ko huɗu, kuma duk ya yi haka ne kafin ya ƙetare zuwa gabas. Ba ina nufin mu watsar da ƙwarewa a fanni guda ba, don ilimi ya faɗaɗa fiye da yadda rai ɗaya zai iya kewaye shi. Amma a zaurukan da suka raine shi babu katanga tsakanin mai nahawu da mai lissafi, kuma ana buƙatar hisabi don rabon gado da tantance lokacin salla kamar yadda ake buƙatar lugga don fahimtar nassi. Mu kuwa, malamin sashen lissafi kan yi shekara goma yana wucewa ta ƙofar sashen Larabci bai taɓa leƙawa ba, alhali rubuce-rubucen lissafin kakanninsa da Larabci suke.

Ya yi aikin Hajji a shekara ta 1142 bayan Hijira, wato 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci. A can ya soma rubuta babban littafinsa, Addurrul Manzum, wanda ya gina a kan Assirrul Maktum, littafin da ake jinginawa ga Faharuddini Arrazi. Ya kammala shi a Alƙahira cikin Rajab na 1146, wajen ƙarshen 1733. Yana da wani littafin kan haruffa da hatimai mai suna Bahjatul Afaƙ, da waƙe kan manɗiƙi da ya kira Minahul Ƙuddus wanda shi da kansa ya yi wa sharhi, da Bulugul Arab a nahawu. Aljabarti ya ce ya kuma rubuta labarin tafiye-tafiyensa.

Hatiman nan su ne suka sa masana lissafi na zamaninmu suka waiwaye shi, don haka bari in ɗan tsaya a kansu. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya taɓa ganin hatimi, ko a jikin allo ko a takardar laya: murabba'i da aka yanka gida-gida, kowane gida da lamba ko harafi. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 9, uku a tsaye uku a kwance. Ana jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta duk inda ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. Mai gida biyar-biyar yana ba da 65, mai bakwai-bakwai 175. Ƙa'idar ita ce ka ninka adadin gidajen gefe ɗaya da kansa, ka ƙara 1, ka sake ninkawa da adadin, sannan ka raba biyu. Sanin jimillar ba wuya. Wuyar ita ce sanin inda kowace lamba za ta sauka idan gidajen sun yi yawa, ba tare da ka yi ta gwadawa kana gogewa ba. Alkashnawi ya bayyana hanyoyin gina hatiman da adadin gidajen gefensu mara ne, kamar 5 da 7 da 9, ta yadda mai bin ƙa'idar zai cika gidajen ɗaya bayan ɗaya. Na zauna wani dare na cika mai gida 81 da hannuna, na ga irin natsuwar da aikin ke nema. Akwai kwafin rubutun nan nasa na 1732 a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka da ke Landan.

Akwai abin da ba zan ɓoye wa mai karatu ba. Ba don lissafi zalla ya rubuta waɗannan littattafai ba. Addurrul Manzum littafi ne na taurari da asirai, kuma a zamaninsa an ɗauki hatimi a matsayin abin da ke da tasiri. Malamai sun daɗe suna sukar wannan fanni, Ibn Haldun ma ya haɗa ilimin haruffa da sihiri ya yi tir da shi. Ni a nan nake tsaye: gaibu na Allah ne, kuma ba na kiran kowa ya nemi biyan buƙata a wurin tauraro ko lamba. Sai dai adalci bai yarda in ɗauki mutumin da ya karanta Buhari da Halilu, ya yi rubutu a nahawu da manɗiƙi, in jefa shi kwandon bokaye ba. Haka nan bai yarda in wanke tarihinsa in mai da shi farfesan lissafi irin na yau ba, kamar yadda nake gani a wasu rubuce-rubucen intanet. Ɗan zamaninsa ne. Akwai abin ɗauka a aikinsa, akwai abin bari. Shi dai 15 ɗin nan yana nan daram, ko mutum ya yarda da laya ko bai yarda ba.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, babban malamin Hanafiyya kuma masanin falaki, wanda shi ma asalin danginsa baƙi ne daga Jabarti a ƙahon Afirka. Mai masauki ya zama almajirin baƙonsa, ya ɗauki ilimin hatimai da hisabin haruffa a wurinsa. Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni, watakila don na san yadda ake kallon baƙar fata mai neman ilimi a ƙasar wasu, kafin ya buɗe baki.

Bai koma Katsina ba. Ya rasu a wannan gida a 1154, wato 1741, bayan ya naɗa Shaihu Hasan wasiyyi a kan abin da ya bari da littattafansa. Abdurrahman, ɗan Shaihu Hasan, ba a haife shi ba sai bayan fiye da shekara goma, don haka bai taɓa ganin Bakatsinen ba. Daga abin da ya taras a gidan mahaifinsa ya rubuta tarihinsa. Sai a ƙarni na ashirin masu bincike suka sake ɗago sunansa: Bivar da Hiskett a 1962, Hassan Ibrahim Gwarzo a 1967, sannan Claudia Zaslavsky cikin littafinta kan lissafin Afirka a 1973. Mai masaukin nasa ne ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka wa Shaihu Hasan da alheri.