Ibn al-Haytham: Malamin da ya nuna cewa ido ba fitila ba ne

An haifi Hasan Ibn al-Haytham a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040.

A zamaninsa masana da dama na bin ra'ayin wasu Girkawan dā, cewa ido ne ke fitar da haske ya sauka kan abin da ake kallo. Shi kuwa sai ya gwada, da ɗaki mai duhu da ƙaramar huda. Ya tabbatar cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, sannan ƙwaƙwalwa ta tantance abin da aka gani.

Ya tattara bincikensa a Kitab al-Manazir mai juzu'i 7, tsakanin 1011 da 1021. An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572. Roger Bacon da Johannes Kepler duk sun ɗora aikinsu a kansa.

Yau jami'o'i na auna malami da yawan masu kafa hujja da bincikensa. Ibn al-Haytham ya shekara 1,000 ana kafa hujja da nasa, domin ya bayyana gwajinsa yadda kowa zai iya maimaitawa.